Tun bayan korona surukina ya daina yarda da allura, ta ina zan ɓullo masa?

Maman Biyu:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, abin ya tsaya min a rai. A Kano muke, babban gida ne, tare da surukaina muke zaune. Jaririyata za ta cika sati 6 ranar Talata, kuma ranar ce aka rubuta a katinta a koma allura. Da maigidana ya sanar da Alhaji, sai ya ce ba da yawunsa ba.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne, Alhaji ba mai gudun asibiti ba ne. Da na haifi ɗana na fari a 2018, shi da kansa yake tuna mana ranar allura. Korona ce ta sauya shi. Kullen 2020 ya faɗo cikin azumi, gidan nan kuwa ya dare biyu. Ƙanin maigidana mai karatun aikin jinya ya kafa bokiti mai famfo da sabulu a soro, ya ce kowa ya sa takunkumi, a dakata da musabaha. Alhaji ya ce bai taɓa ganin inda ɗa ya hana ubansa miƙa wa baƙo hannu ba. Aka rufe masallatan Juma'a, ba tafsiri, ba asham a jam'i, shagonsa ya yi makonni a garƙame. Daga nan ya yanke hukunci cewa cin kuɗi ne kawai. Yanzu da zarar mai labarai ya ce "hukumomin lafiya sun yi gargaɗi", sai ya murɗe rediyon. Amma saƙon murya na WhatsApp, wanda ba a ma san mai maganar ba, zai saurara har ƙarshe, ya sa a tura wa dangi.

Ni ina son a yi wa 'yata allura, don na ga yadda mashaƙo ya ɗauki yara a unguwarmu a 2023. Ba kuma na son in zama silar ɓatawar ɗa da uba. Yaya zan yi?

Ɗan Kwari:

Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, kada ki ɗauki Alhaji a matsayin wanda bai san abin da yake yi ba. Duk dattijon Kano yana tune da 1996, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara. Yara kusan 200 ne a gwajin, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wanda ya ga wannan, dole ya yi kaffa-kaffa.

Ki zo kan korona kuma. An hana mu buɗe shago, mai neman na yau da gobe ya kwana da yunwa, amma ranar jana'izar Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa na lokacin, a Abuja kowa ya ga cunkoson manya a talabijin, kafaɗa da kafaɗa. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa ta ce jami'an tsaro sun kashe mutum 18 a makonni biyun farko na kulle, alhali waɗanda aka tabbatar cutar ta kashe a lokacin ba su kai haka ba. A Oktoban shekarar aka fasa rumbuna a Jos da Legas da wasu garuruwa, sai ga buhunan tallafin da aka ce namu ne jibge har rufi. To da wane baki za a dawo a ce mu yarda?

Nas ta Asibitin Unguwa:

Malam Ɗan Kwari, duk abin da ka lissafa ya faru, ba zan musa maka ko ɗaya ba. Mu ma'aikatan lafiya mu muke girbar abin da wasu suka shuka, mu ake rufe wa ƙofa. A Fabrairun 2013 an harbe ma'aikatan rigakafin shan inna 9 a Kano, akasarinsu mata masu neman na sabulu.

Amma zaluncin da aka yi da sunan korona bai sa korona ta zama ƙarya ba. Ka tuna Afrilun 2020, yadda masu haƙar kabari a Kano suka fara kokawa tun kafin gwamnati ta buɗe baki. Daga baya ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mace-mace 979 a ƙananan hukumomi 8 na cikin birni, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari ana jin korona ce sanadinsu ko ta taimaka. Yawancinsu dattawa ne sa'annin Alhaji, masu hawan jini da ciwon suga. Abin da ya fi min ciwo, da farko an riƙa cewa ba korona ba ce, daga baya aka ce ita ce. Idan hukuma ta yi magana biyu, mutane sai su koma wa mai saƙon murya, don shi bai taɓa nuna shakka ba, kuma ba wanda zai je ya tuhume shi idan yaro ya mutu.

Maman Biyu, ki fara raba masa abubuwa biyun. Allurar sati 6 ba ta korona ba ce. Ita ce dai wadda aka yi wa ɗanki a 2018, ana kiranta penta, ana yi a cinya a sati 6, da 10, da 14. Tana kare yaro daga cututtuka biyar, ciki har da mashaƙo da tarin shiƙa da ciwon hanta, kuma kyauta ce a asibitin gwamnati. Kada ki ɓoye masa cewa jaririyar za ta iya yin zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu, wurin ya ɗan kumbura, ta yi ta rigima da dare. Gara ya ji daga bakinku tun yanzu, don idan ya gani ba zato zai ce ga abin da ya faɗa. Yawancin yaran da mashaƙo ya kashe a Kano ba a yi musu allurar ba, ko an fara ba a kammala ba.

Bawan Allah daga Damagaram:

Mu ma a Nijar an sha wannan rikici. A Yamai matasa sun ƙona tayoyi cikin Afrilun 2020 saboda dokar hana fita da hana sallar jam'i, ga azumi ya ƙarato. Abin da na lura da shi, dattijo ba ya sauka daga maganarsa don suruka ko ƙaramin ɗa ya kawo masa hujja, komai ƙarfinta. Ki duba yadda ta kasance da shan inna a wajenku. An dakatar da rigakafin a Kano daga 2003 zuwa Yulin 2004, cutar ta tsallaka ƙasashe da dama har da namu. Ba a dawo ba sai da jihar ta tura mutanenta suka duba, aka kawo maganin daga Indunusiya, sarakuna da malamai suka shiga gaba. A Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali.

Ki nemi wanda Alhaji yake jin nauyinsa, amininsa ko limamin masallacinsa. Malamai sun san hadisin da ya hana shiga garin da ake annoba da fita daga cikinsa, sun san kuma yadda Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham da ya ji labarin annoba, ya ce daga ƙaddarar Allah ake gudu zuwa ƙaddarar Allah. Ke dai kada ki tunkare shi da kanki.

Maman Biyu:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na samu Hajiya a ɗakinta bayan isha'i, na kai mata katin yayan da na jaririyar ta ɗora su gefe da gefe, ta ga layukan iri ɗaya ne. Ta ce in bar mata, za ta yi wa liman magana ta hannun matarsa. Anti Nas, idan Talatar ta wuce ba a daidaita ba, shi ke nan ta rasa?

Nas ta Asibitin Unguwa:

A'a, ba ta rasa ba. Duk ranar da aka amince ki kawo ta da katinta, za a yi mata ta farko, sauran biyun su biyo baya da tazarar sati 4 tsakaninsu. Kada dai a bari ya ja. Idan Alhaji yana son ganin kwalbar da idonsa, ya karanta ranar ƙarewarta, ku zo tare, haƙƙinsa ne a nuna masa.