An sallame ni daga aiki bayan sun san ina da juna biyu, wai ina lokacin gwaji

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Don Allah a sakaya sunana. Ina aikin karɓar kuɗi a wani asibiti mai zaman kansa a Kano. Takardar ɗaukar aikina ta ce gwajin wata shida ne, kuma a cikinsa kowane ɓangare na iya raba gari da sanarwar mako ɗaya. Ina cikin wata na biyar na tura wa shugabar sashenmu saƙon WhatsApp ina neman izinin zuwa awo, ta amsa da "Allah ya raba lafiya". Bayan mako biyu aka miƙo min takarda wai ba sa buƙatar aikina, daga ranar. Ba a taɓa ba ni takardar tuhuma ba, ban taɓa yin giɓin kuɗi ba. Yanzu sun ce in zo in sa hannu a wata takarda kafin su biya ni albashin ƙarshe. Maigidana ya ce in haƙura tunda ba a tabbatar da ni ba. Da gaske mai gwaji ba ta da haƙƙi?

Maman Hanifa: Wa'alaikumus salam. Sun karya doka kai tsaye, sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ya hana korar mai ciki. Kada ki sa hannu a komai.

Barista: Maman Hanifa, a kan sa hannu ina bayanki, amma sashe na 54 bai kai inda kika kai shi ba, kuma idan 'yar'uwa ta jingina ƙararta da shi kaɗai lauyan asibitin zai rushe ta cikin sauƙi. Abin da sashen ya tanada shi ne hutun mako shida kafin haihuwa, idan an kawo takardar likita, da mako shida bayanta. Wadda ta yi wata shida a jere tana aiki kafin hutun, a biya ta aƙalla rabin albashi. Hanin kora kuwa ya shafi lokacin da mace take cikin wannan hutu ne, ko take kwance da rashin lafiyar da likita ya tabbatar ciki ko haihuwa ne ya jawo. Ke mai tambaya, kina bakin aiki aka sallame ki, ba ki shiga hutu ba.

Ƙarfinki yana wani wurin. Gyara na uku da aka yi wa tsarin mulkin 1999 ya ƙara sashe na 254C, wanda ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa hurumin sauraron ƙarar wariya a wurin aiki da rashin adalci ga ma'aikaci, ya kuma ba ta damar aiki da yarjejeniyoyin ƙwadago da Najeriya ta rattaba wa hannu. Daga ciki akwai yarjejeniya ta 111 ta Hukumar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta hana wariya saboda jinsi, Najeriya ta amince da ita a 2002. Kora saboda ciki wariyar jinsi ce, tunda namiji ba zai taɓa fuskantarta ba. Wannan kotu a Abuja ta taɓa yanke hukunci a ƙarar da wata ma'aikaciya ta kai ƙungiyar Clinton Health Access Initiative, wadda aka sallama bayan ta sanar tana da ciki. Kotu ta ce wariya ce, ta ba ta diyyar da ta kai albashinta na shekara guda.

Game da gwaji: Dokar Ƙwadago ba ta ware masu gwaji ta ce ba su da haƙƙi ba. Sharaɗi ne na takardar aiki, amfaninsa ga mai kamfani shi ne ya sallami wanda bai iya aiki ba da gajeriyar sanarwa. Bai zama lasisin wariya ba. Ki lura da wani abu kuma: sun sallame ki a wata na biyar, saura kaɗan ki cika wata shidan da zai wajabta musu rabin albashin hutun haihuwa. Lauyanki zai so ya nuna wa alƙali wannan lissafin.

Kada dai ki sa rai a mayar da ke aiki. A kamfani mai zaman kansa da wuya kotu ta tilasta wa mai aiki riƙe wanda ba ya so. Diyya ce abin nema.

Anti Bilki: Bari in yi magana ta fuskar ofishin kula da ma'aikata. Takardar nan da ake so ki sa wa hannu, galibi a ƙasanta akwai layin da ke cewa kin karɓi kuɗin a matsayin cikakken haƙƙinki, ba ki bin su komai. Wasu ma takardar ajiye aiki ce suke rubutawa da sunanki, don gobe su ce ke kika tafi da kanki. Ki nemi kwafi ki tafi da shi gida a karanta miki a natse. Albashin kwanakin da kika yi aiki bashi ne a kansu, ba sai da sharaɗi ba. Haka kuɗin mako ɗaya na madadin sanarwa, tunda sun ce ki tafi daga ranar. Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ma sanarwar mako ɗaya ya ce ga wanda ya haura wata uku bai kai shekara biyu ba. Idan suna cire miki fansho, ki duba asusunki ki ga ko sun zuba.

Hujja ita ce komai a nan, domin ba za su taɓa rubuta "saboda ciki" ba. Za su ce aikinki ne bai gamsar ba. Saƙon WhatsApp ɗin nan da amsar shugabarki shi ne ke tabbatar da sun sani, da ranar da suka sani. Ki ɗauki hotonsa yadda lambarta da kwanan wata za su fito, ki tura wa imel ɗinki. Kada ki sayar da wayar ko ki goge ta, don sashe na 84 na Dokar Shaida yana buƙatar bayani kan na'urar da saƙon ya fito. Ki haɗa da takardar ɗaukar aiki, takardar sallama, katin awo, bayanan banki na albashi, da duk saƙon da aka taɓa yaba aikinki. Idan sun sa wata a kujerarki, ki rubuta ranar da ta fara.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Amma da na lissafa, da ƙaramin ciki na fara aikin ban sani ba. Ba za su ce na ɓoye musu ba?

Barista: Za su iya faɗa, amma Dokar Ƙwadago ba ta wajabta wa mace sanar da ciki lokacin neman aiki ba. Inda ake samun tangarɗa shi ne idan kin cike fom kin rubuta abin da kika san ƙarya ne. Wadda ba ta sani ba, ba ta ɓoye komai ba.

Kwamared: Hajiya, ki fara da wasiƙa kafin kotu. Shafi ɗaya ya isa: ranar da kika fara aiki, ranar da kika sanar, ranar sallama, ki nemi dalilin korar a rubuce da kuɗin da kike bi, ki ba su kwana goma sha huɗu. Ki kai kwafi biyu, a buga hatimin karɓa a naki. Idan sun ƙi karɓa ki aika ta kamfanin kai saƙo ki ajiye rasit. Ban da zagi, ban da wallafa sunan asibitin a Facebook, kada ki wayi gari ke ce ake ƙara kan ɓata suna.

In sun yi shiru, ki kai koke ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke Kano. Suna gayyatar ɓangarori biyu su zauna, kuma masu asibiti da makarantu kan gwammace su biya a nan a kan zaryar kotu. Lauyoyi mata na FIDA da hukumar Legal Aid na taimaka wa marasa hali. Kotun Ma'aikata tana da reshe a Kano, tana kuma da cibiyar sulhu. Kada ki ɓata kuɗi a kotun majistare ko babbar kotun jiha, za a ce ba huruminsu ba ne.

Barista: Ƙari ɗaya ga masu bibiyar wannan magana da ke aikin gwamnati: akwai dokar kare jami'an gwamnati da ke da wa'adin wata uku na shigar da ƙara, kuma lauyoyin hukuma suna kafa hujja da ita don a kori ƙara. Su kada su wuce wata uku. Ke naki wa'adin ya fi haka tsawo, amma ki aika wasiƙar a wannan makon, tun shugabar sashen na nan kuma abokan aikinki ba su manta abin da ya faru ba.