Bugun onsaid a NFL: in an sanar tun kafin a buga, me ya rage?

Abban_Sadiq:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya gare ni ga waɗanda suka fi ni sanin dokokin NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka.

Ni dai bugu ɗaya ne ya jefa ni son wasan nan, a Super Bowl, wasan ƙarshe na cin kofin NFL, na Fabrairun 2010. Colts na gaba da 10, Saints na da 6, an dawo daga hutun rabin lokaci. Kowa ya saki jiki Thomas Morstead na Saints zai cilla ƙwallo can ƙarshen fili, sai kawai ya dungure ta kusa. Wannan shi ne onsaid: gajeren bugun fara wasa, wanda in ƙwallo ta cika yadi 10, masu bugun na iya kame ta su ci gaba da riƙe ta. Ta bugi Hank Baskett na Colts ta yi tsalle, ƙarti suka rufta a kanta, alƙalai suka daɗe suna ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya. Can ƙasan tulin, Chris Reis na Saints ne rungume da ita kamar jariri. Saints suka cinye wasan 31 da 17. Har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

To tun 2024, sai ka gaya wa alƙali za ka buga onsaid, shi kuma ya sanar da abokan karawa, su jero masu hannun kama ƙwallo su jira ka. Abin da duk ƙarfinsa shammata ne! Wannan doka tana ci mini tuwo a ƙwarya. Don Allah mene ne hikimarta?

Malam_Habu:

Wa alaikumus salam Abban Sadiq. Ba onsaid aka nufa da gyaran ba, tsautsayi ne ya rutsa da shi. Bugun fara wasa na cikin wuraren da suka fi haɗarin buguwar ƙwaƙwalwa, domin mutane na sheƙowa a guje daga nesa su yi karo. Shi ya sa a 2024 aka ɗauko tsarin XFL, wata ƙaramar gasar ƙwallon Amurka. Mai bugu yana nan shi kaɗai a layin yadi 35 na gidansu, sauran goman suna can a layin 40 na abokan karawa, kuma ba mai motsi sai ƙwallo ta taɓa ƙasa ko an kama ta. Ka ga yadi 25 ke nan tsakaninsa da mutanensa. In ya dungure ta yadi 10, wa zai ɗauko? Dole a koma tsohon jeri, kuma ba yadda za a yi mutum 22 su sauya wuri a ɓoye. Daga nan sanarwar ta samo asali.

A shekarar farko ma ba a buga onsaid sai a kwata ta huɗu, wato zangon ƙarshe na wasa, kuma sai kana baya a maki. A 2025 aka sassauta, wanda ke baya zai iya nema a kowane lokaci.

Maman_Iman:

Malam ya yi bayani, amma ni a ganina ciwon ya girmi 2024. Yawancin onsaid ɗin da aka taɓa bugawa dama kowa ya san za a buga. Ku tuna Seattle da Green Bay a Janairun 2015, saura kamar minti biyu. Babu wanda aka shammata. Ƙwallo ta tashi sama, Brandon Bostick na Green Bay ya yi tsalle zai kama maimakon ya tare mutuminsa, ta bugi hularsa, Chris Matthews na Seattle ya cafe. Abin da ya ba masu bugu dama a wancan zamani gudu ne, suna tasowa da ƙarfi su iso tare da ƙwallo. A 2018 aka hana wannan gudun, aka ce biyar dama biyar hagu, ba a tara mutane gefe ɗaya. Tun daga nan abin ya mutu. A kakar 2024 an buga 50, uku kacal aka samu.

Dan_Eagles:

Yaya Abba, ka yi haƙuri, ni na ce a binne shi kawai. Kulob ɗina, Eagles, ya sha kai shawara a ba wanda ke baya dama guda a madadin onsaid: ya ci yadi 15 daga layin 25 na gidansu, in ya ci ya ci gaba da riƙe ƙwallo, in ya kasa abokan karawa su karɓa a bakin gidansa. Masu kulob-kulob ba su amince ba. Amma ai wannan shi ne wasa, gwani da gwani, ba jiran ƙwallo mai tsini biyu ta ga dama ta yi tsalle ba.

Abban_Sadiq:

Na gode ƙwarai Malam Habu, yanzu na gane, kuma ba zan yi jayayya da kare lafiyar mutane ba. Hajiya, maganarki ta 2018 gaskiya ce, ban taɓa haɗa su ba.

Amma ƙanena, ban yarda da kai ba. Yadi 15 wajen mai gwanin jefa ƙwallo irin Patrick Mahomes ba daidai yake da yadi 15 wajen mai raunin jefa ƙwallo ba, mai ƙarfi za a ƙara wa ƙarfi. Kuma tutar laifi ɗaya da alƙali zai jefa a kan masu tsaron baya ta isa ta ba da damar kyauta. Onsaid kuwa na 'yan benci ne. Wa ya san Chris Reis kafin daren nan? Kuma akwai basira a ciki. A 2020 Greg Zuerlein na Dallas Cowboys ya kwantar da ƙwallo a ƙasa ba tare da abin ɗorawa ba, ya buga ta tana juyi a hankali. 'Yan Falcons suka kewaye ta suna kallo, alhali doka ta ba su damar faɗa mata tun kafin ta cika yadi 10. Tana cikawa C.J. Goodwin na Cowboys ya danne ta, Dallas ta ci 40 da 39.

Ni roƙona ƙarami ne. Tunda an riga an sanar, kowa ya shirya, a bar masu bugu su tara shida ko bakwai a gefe ɗaya. Malam, kana ganin hakan zai dawo da haɗarin da ake gudu?