Waɗanda suka taɓa tattara kaska a jikin shanu a Filato, ku ba mu labari

Ɗalibar ajin ƙarshe, Unguwar Rogo: Assalamu alaikum, malamaina da yayyena. An ba ni aikin kammala digiri a kan ire-iren kaskar da ke kama shanu a kewayen Jos, kuma zan fara fita rugage idan damina ta kankama. Ina roƙon duk wanda ya taɓa yin irin wannan aiki ya faɗa mana yadda ya kaya da shi.

Malamin dabbobi, Bukuru: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Abin da ya fi ba ni mamaki lokacin da na yi nawa shi ne ƙarancin babbar kaskar nan mai ado a baya, wadda ake kira Amblyomma variegatum, a wasu garkunan da na san tana damun su. Sai wani dattijo ya bayyana mini cewa da damina su kan bi shanunsu da safe, kafin a sake su kiwo, su tsince manyan da hannu, saboda sun daɗe da lura cewa inda ta yawaita kirci yakan biyo baya. Ke nan mai bincike da ya iso bayan an tsince zai ƙirga ragowa ne kawai, ya rubuta cewa irin ba shi da yawa a yankin. Tun daga nan nake tambayar ranar da aka yi tsinta ta ƙarshe da ranar da aka yi feshin magani, in rubuta su a gefen lambar kowace saniya. Ki kuma bi ta hannun Arɗo kafin ki shiga kowace ruga, ki yi musu bayani dalla-dalla cewa ba ƙidayar haraji ta kawo ki ba, don makiyayi ba ya son baƙo ya tsaya yana lissafa masa dukiya.

Ma'aikaciyar ɗakin gwaji, Vom: Ni kwalaben da ɗalibai ke kawowa nake karɓa, saboda haka zan yi magana a kan abin da ke lalata su. Na farko shi ne fizga. Bakin kaska yana da jerin ƙananan haƙora masu kallon baya, kuma da su muke bambance wasu ire-iren da ido ba ya iya rabawa. Shuɗiyar kaskar shanu da muka saba da ita, Rhipicephalus decoloratus, tana da layi 3 na haƙora a kowane gefe, ita kuwa Rhipicephalus microplus, wadda ta shigo Afirka ta Yamma daga baya kuma ta fi ta ɓarna, layi 4 gare ta. Idan aka fizge ta bakin ya karye a cikin fata, an bar mu da jiki marar shaida. A sa hantsaki dab da fata, a ja a hankali ba tare da murɗawa ba. A zuba su cikin sifirit mai ƙarfin kashi 70 cikin ɗari, kowace dabba da kwalbarta, kowane sashen jiki ma da tasa idan da hali. Takardar da za a jefa ciki da fensir za a rubuta ta. Na sha ganin kwalabe cike da samfuri mai kyau amma tawadar biro ta narke, ba a san na wace ruga ba ne.

Tsohon ɗalibi, Rikkos: Hajiya ta faɗi gaskiya. Abin da zan ƙara shi ne kada a tsaya a gadon baya. Mai ado ta fi son hantsa, marainai, hammata da fatar ƙasan wuya, ita kuma Hyalomma mai ratsi a ƙafafu a ƙarƙashin wutsiya da ƙarshen jela na fi samun ta. Wannan ta biyun takan ɗauki ƙwayar zazzaɓi mai sa zubar jini wanda ke kama mutum, don haka safar hannu dole ce, kuma ba a fasa ta da farce.

Malamin dabbobi, Bukuru: Akwai batun lokaci kuma. Mai ado tana cin jinin dabbobi uku kafin ta gama rayuwarta, tana sauka ƙasa bayan kowane ci, ta yi saɓa bayan na farko da na biyu, bayan na uku kuma macen ta yi ƙwai, shi ya sa manyan suke cika jikin shanu da damina, da rani kuwa ƙananan ake gani. Shuɗiyar a jikin saniya ɗaya take yin duk cinta da saɓarta cikin kusan mako uku. Wanda ya fita a wata ɗaya tak ya ce ya san kaskar Filato, rabin labari ya kawo.

Ɗalibar digiri na biyu, Farin Gada: Ni hayayyafarsu na bibiya, don haka da rai na ɗebo matan da suka ƙoshi. Na ajiye kowace a kwalba mai toshiyar auduga, a wuri mai laima. Bayan kwanaki sai ƙwai masu ruwan ƙasa suka fara taruwa ta gabanta, dubbai, tana motsewa har ta mutu a gefen tulin. 'Ya'yan da suka ƙyanƙyashe ƙafa shida gare su, sai bayan saɓar farko suke zama takwas. Sanyin hunturun Jos ya jinkirta mini ƙyanƙyasar sosai, waɗanda iska ta busar kuwa ba su fito ba sam.

Ɗalibar ajin ƙarshe, Unguwar Rogo: Allah ya saka muku da alheri. Yaya, kin ce wuri mai laima. Da me kika riƙe laimar a cikin hunturu, kuma sau nawa ake buɗe kwalbar ba tare da 'ya'yan sun tsere ba?