Dan Allah a ba ni shawara, sufabaiza ya ce furojet ɗina kan Yahudawa ya yi faɗi, saura sati biyar

Ɗalibar Tarihi:
Assalamu alaikum ƴan uwa, ku yi haƙuri da tsawon rubutun nan, kaina ne ya ɗau zafi. Ina ajin ƙarshe a sashen tarihi. Tun farko ba wannan ne take na ba, da tarihin marinar garinmu na fara, wata biyu ina zarya wajen dattawa sai aka ce wani ya riga ya yi irinsa, ga shi a tsakanin nan aka zare min waya a adaidaita duk hirarrakin da na naɗa suka tafi, na yi kuka har na gode Allah. To a kwas ɗin Gabas ta Tsakiya ne na ci karo da abin da ya tsaya min a rai, wato me Yahudawa ke faɗa wa kansu duk sanda masifa ta afka musu. Na ɗauki guda huɗu: rushe Haikalin farko, wato babban wurin ibadarsu a Ƙudus, da Bukhtanasar ya yi a 586 kafin Miladiyya ya kwashe su zuwa Babila, rushe na biyu da Rumawa suka yi a shekara ta 70, korarsu daga Sifen a 1492, sai kisan kiyashin Hitler da ya ci mutum kusan miliyan 6. Abin da na lura shi ne a ukun farko amsarsu ɗaya ce, zunubinmu ne ya ja mana, har cikin addu'ar idinsu suna cewa saboda zunubanmu aka fitar da mu daga ƙasarmu. Amma bayan Hitler amsar ta karye a bakin wasunsu. A cikin malamansu, Richard Rubenstein a 1966 ya ce ba zai iya yarda cewa wannan horo ne daga Allah ba, Emil Fackenheim kuma ya ce bayan dokokinsu 613 akwai ta 614, kar su ba Hitler nasara bayan mutuwarsa ta hanyar barin addininsu. Na rubuta babi uku, sufabaiza ya dawo min da su da jan biro wai ya yi faɗi. Sannan Baffana da ke biya min kuɗin makaranta ya ga takardun a ɗaki, tun ranar ciki-ciki yake amsa gaisuwata. Ya zan yi?

Maman Biyu:
Allah sarki ƙanwata. Wlh kin tuna min da nawa, sau huɗu ina firintin babi na biyu yana ɓatarwa, ga ciki wata takwas ina hawa bene, ƙarshe ya yi tafiya bai sa hannu ba na ƙara shekara guda cur. Ki dai bi shi a hankali, duk abin da ya ce ki ce to.

Tsohon Malami:
Ƴata, malaminki ya yi gaskiya, ba ma faɗi ba, teku kika shiga. Shekara sama da 2500 a furojet ɗin digirin farko? Ki zubar da uku ki riƙe shekara ta 70 kaɗai, a nan naman yake. A wannan yaƙi guda kina da amsa uku mabambanta. Akwai waɗanda suka ce sai dai a mutu, suka maƙale a dutsen Masada har wajen shekara ta 73. Akwai Yusifus, kwamanda ne a Galili, ya miƙa wuya ga Rumawa ya koma yana rubuta tarihin yaƙin. Sai Yohanan ben Zakkai, wanda Talmud, babban littafin malamansu, ya ba da labarin almajiransa sun fitar da shi daga Ƙudus cikin akwatin gawa, ya roƙi Vespasiyan, kwamandan Rumawa, a bar masa garin Yabne da malamansa. Addinin da ya dogara da yanka a waje ɗaya, wajen, wato Haikalin, ya ƙone, sai suka mayar da addu'a sau uku a rana da karatu da kyautatawa a madadin yankan. Da wani jagoransu Bar Kokhba ya sake ɗaga wa Rumawa takobi a 132 zuwa 135 aka murƙushe shi, hanyar makaranta ce ta rage, har aka tattara Mishna, littafin dokokinsu na baka, wajen shekara ta 200. Ga furojet nan, babi biyar, sati uku kin gama.

Ɗalibar Tarihi:
Na gode Baba, amma in na cire Hitler ai na cire zuciyar aikin. Abin da nake so in nuna shi ne inda amsar ta karye, in ba a ga ƙarshen ba ba za a gane farkon ba.

Malamar Asibiti:
Ƴar uwa ni Kirista ce, na taso da waɗannan littattafan da Hausa. Ina ganin akwai gyara a maganarki cewa da can amsa ɗaya ce. Gaskiya littafin Makoki ya ce Urushalima, wato Ƙudus, ta yi zunubi, amma ki buɗe Zabura 44, suna cewa duk wannan ya same mu alhali ba mu manta da kai ba, ba mu karya alkawarinka ba. Ayuba ma abokansa ne ke cewa laifinsa ne, shi yana musu. Sannan ki duba Irmiya 29, wasiƙar da ya aika wa waɗanda ke Babila, ya ce su gina gidaje su shuka lambuna su yi aure su nemi zaman lafiyar garin da aka kai su. Zabura 137 kuma kuka ne da fushi a bakin kogunan Babila. Ni da za ki ji tawa, ki tsaya kan Babila kawai, littattafan na nan da Hausa ba sai kin sha wahalar nema ba.

Ɗalibar Tarihi:
Anti na san da Ayuba, na ambace shi a babi na ɗaya. Amma shi mutum ɗaya ne, ni al'umma nake magana. Zabura 44 ɗin zan duba, sai dai ban ga zai canza komai ba tunda rinjaye nake nufi.

Ɗan Kasuwa:
Ni fa abin da ban gane ba, duk abin da ake yi a Gaza, yara na mutuwa kullum, ke kuma kukan Yahudawa kika zauna rubutawa? Baffanki bai yi laifi ba. Ki canza take kawai.

Ɗalibar Tarihi:
Yaya Gaza na ci min rai kamar kowa, wlh wani bidiyon ba na iya ƙarasa shi. Amma karanta tarihin mutane ba goyon bayan gwamnati ba ne. Farkon Suratul Isra'i ma ya kawo ɓarna biyu na Banu Isra'ila da shiga masallacin, kuma a tafsiri na fara jin sunan Bukhtanasar tun ina Islamiyya.

Almajirin Zaure:
In so kike Baffa ya huce kuma sashenku su so aikin, ki jawo shi kusa da gida. Shehu Maghili da ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, kafin zuwansa shi ne ya tayar da rikici kan Yahudawan Tuwat, a saharar Aljeriya ta yau, har aka rushe majami'arsu a Tamantit, kusan lokaci ɗaya da korar Sifen. Ko ki ɗauki Musa bin Maimun, malamin Yahudawa ɗan Ƙurɗuba, da iyalinsa suka gudu daga mulkin daular Muwahhidun zuwa Fas sannan Masar, da Larabci yake rubutu, kuma wajen 1172 ya aika wa Yahudawan Yaman wasiƙa yana ƙarfafa musu gwiwa lokacin da ake tilasta su barin addini.

Tsohon Malami:
Maghili ba zai yi ba. Abin da ke hannu kan Tuwat fatawoyin malaman Musulmi ne a kan Yahudawa, ita kuma muryar Yahudawan take nema. Kuma ƴata, 1492 ɗinki ma ba ta zauna yadda kika ajiye ta ba. Bayan korar, a garin Safad, malaminsu Ishaku Luriya da ya rasu 1572 ya koyar cewa tun farkon halitta tukwanen haske suka fashe, tartsatsin ya watsu a duniya, warwatsuwar Yahudawa kuma aikin tattaro shi ne. Wannan ai ya wuce batun zunubi. Ta ɗaya gefen kuma, bayan Hitler ba kowa ya bar tsohuwar amsa ba, shugaban ƴan Satmar, wata ɗariƙar Yahudawa, Yowel Teitelbaum, cewa ya yi zunubin Sahayoniyanci, wato fafutukar kafa ƙasar Yahudawa, ne ya jawo. To ina karyewar? Ranar difens tambayar farko ke nan. Shekara 31 na yi ina koyarwa, na ga ɗalibai da yawa sun kafe irin haka.

Ɗalibar Tarihi:
Baba ai ni ban ce kowa ba, wasunsu na ce. Kuma Teitelbaum ɗin ma zan iya sa shi a babi na huɗu ya ƙara wa aikin ƙarfi. Babi uku fa na rubuta da hannu kafin in kai a buga, ba zan iya sake farawa karo na uku ba.

Malamar Asibiti:
Tsaya tukun, shi sufabaizan me ya rubuta daidai? Cewa ya yi ki rage zamani ko ki rage shafuka? Kuma kin tambaye shi wanne yake so ki riƙe?

Maman Biyu:
Kar ma ta tambaye shi, nawa da na tambaya cewa ya yi na raina shi. Har yau kuɗin firintin ɗin nan na min ciwo.

Ɗalibar Tarihi:
Na yanke shawara zan rage kowane babi da shafi biyar in bar huɗun duka, Litinin in kai masa. Maganar Baffa ce har yanzu ba wanda ya ce min komai a kai, ga kuɗin samista ya matso.

Tsohon Malami:
Rage shafi ba rage take ba ne. Zai dawo miki da shi.

Ɗan Kasuwa:
Ai na faɗa miki maganin Baffa tun ɗazu.