Japanancina ya tsaya cik a tsakiyar hanya: ta ina zan bi in kai matakin jami'a?

Ɗalibin Harobanda, Yamai

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Abdou Moumouni, ina shekarar ƙarshe ta lisans a fannin aikin gona, kuma shekara biyu da rabi ke nan ina koyon Japananci ni kaɗai, da dare bayan na dawo daga aji. Na gama darussa 50 da ke cikin littattafan farko guda biyu na Minna no Nihongo, tare da bayanin nahawunsu na Faransanci. Hiragana da katakana, wato haruffansu na sauti, sun zauna mini daram, kuma na san kanji, wato haruffan da suka aro daga Sinanci, wajen 400. Da farko kowane mako ina ganin ci gaba da idona, amma yau wata shida ke nan abin ya tsaya cik. Idan na buɗe labarin jarida, jimla ɗaya takan ci mini minti goma, idan kuma na saurari magana sai in riƙa tsintar kalmomi ɗai-ɗai alhali ma'anar ta wuce ni.

Burina shi ne in yi karatu a Japan, cikin harshensu. Shin in tattara ƙarfina duka a kan jarrabawar ƙwarewa a Japananci ta JLPT mataki na N2, wanda yake ƙasa da N1 na ƙoli, ko akwai abin da ya fi ta? Kuma ga wanda ya fito daga nan, ya fi kyau ya nemi karatun harshen kansa a jami'a, ko ya ci gaba da fanninsa ya riƙe harshen a gefe?

Injiniya Mai Fadama, Yamai

Wa alaikumus salam ƙanena. Na yi masta a fannin noman rani a wata jami'a da ke tsibirin Kyushu, kuma inda ka tsaya nan ni ma na tsaya, saboda haka ka kwantar da hankalinka. Dalilin tsayawar a fili yake. Littafin farko yana ba ka kalmomin da ake maimaitawa kullum, shi ya sa duk abin da ka koya yau gobe za ka sake haɗuwa da shi. Daga nan gaba kuwa kalmomin da suka rage suna da yawa ƙwarai, amma kowace ɗaya ba ta cika fitowa ba, don haka sai ka haddace ta yau, ka yi wata biyu ba ka gan ta ba, ta gudu. Tsarin JLPT na kafin 2010 ya ƙayyade kanji wajen 1,000 da kalmomi 6,000 ga mataki na biyu, sannan kanji wajen 2,000 da kalmomi 10,000 ga na ƙoli. Jerin kanji na amfanin yau da kullum da gwamnatinsu ta sabunta a 2010 yana da 2,136, kuma yaron Japan yana koyon 1,026 daga ciki a shekaru shida na firamare. Da 400 ɗinka kana karanta jaridar manya, dole ka sha wuya.

Abin da ya fitar da ni shi ne na daina haddar kanji shi kaɗai, na koma koyonsa a cikin kalma, kalmar kuma a cikin jimla. Ɗauki 生 misali: ana karanta shi sei a cikin gakusei, wato ɗalibi, shō a cikin isshō, wato tsawon rayuwa, nama idan ana nufin ɗanye, sannan yana cikin ikiru, rayuwa, da umareru, haihuwa. Wanda ya zauna haddace waɗannan a jere zai gaji a banza, amma wanda ya ci karo da su a rubutu za su kama shi da kansu. Ka fara da shafin NHK News Web Easy, inda ake rubuta labarai da sauƙin harshe kuma a ɗora ƙananan haruffan furigana a kan kanji, ka karanta labari ɗaya kowace rana har ya zama maka jiki. Duk jimlar da ta ba ka wuya ka zuba ta cikin manhajar Anki, wadda ke aiki ko babu intanet, abin da zai taimake ka a watannin zafi lokacin da wuta ke yawan ɗaukewa. Bayan wata uku ka shiga karanta abin da ya shafi fanninka, domin wanda ya riga ya san yadda ake dashen shinkafa a Kollo zai gane rabin bayanin tun kafin ya buɗe ƙamus.

Game da tambayarka ta biyu, shawarata ka riƙe aikin gona. Tallafin karatu na gwamnatin Japan, wanda ake kira MEXT kuma yake nan tun 1954, yana da rukuni na musamman na shekara guda ga masu nazarin harshe da al'adun Japan, amma sharaɗinsa shi ne mutum ya kasance ɗalibin wannan fanni a wata jami'a a wajen Japan, kamar ƴan sashen Japananci na Jami'ar Alƙahira da aka buɗe a 1974. Kai ƙofarka ita ce rukunin masu bincike, wanda ake nema bayan digirin farko kafin mutum ya cika shekara 35, kuma ana iya ba wanda harshensa bai ƙarasa ba wata shida na horo kafin ya shiga ɗakin bincike. Ofishin jakadancin Japan da ke Abijan ne ke kula da Nijar, don haka shafinsa za ka riƙa leƙawa daga watan Afrilu.

Malama Ta Sashen Harsuna

Sannu da ƙoƙari, ɗana. Injiniya ya gama maganar karatu, ni kuma zan tsaya a kan kunne da baki, domin ina ganin kana da jari a hannu wanda ba ka lura da shi ba. Matsalar ita ce kana shiga Japananci ta ƙofar Faransanci, alhali a wurare da dama Hausa ta fi kusa da shi.

Bafaranshe yakan sha wahala kafin ya bambanta obasan, inna ko gwaggo, da obāsan, kaka, saboda jan wasali ba ya canja ma'ana a harshensa, kai kuwa tun kana yaro ka san garin da ake zama a ciki daban yake da garin tuwo. Haka nan kite, zo, da kitte, kan sarkin wasiƙa, bambancinsu irin na baba da babba ne. Karin sauti ma haka: hashi na iya zama tsinken cin abinci ko gada, ame na iya zama ruwan sama ko alewa, gwargwadon inda murya ta hau da inda ta sauka, kamar dai yadda muke raba kukan yaro da kukar miya. Littattafan farko ba su cika nuna wannan ba, shi ya sa ɗalibai da yawa ke kai matakin ƙoli da karin da ba daidai ba. Ka samu sauti mai rubutu a gefe, ka riƙa bin mai maganar kana maimaitawa a bayansa da ƙarfi, minti goma sha biyar a rana, kamar yadda almajiri ke bin bakin malaminsa.

Akwai kuma wani wuri da ke rikita masu matsakaicin mataki, wato tagwayen aikatau irin su akeru da aku, ko kowasu da kowareru. Idan ka fassara su da Hausa rikicin ya ƙare: na buɗe ƙofa, ƙofa ta buɗu, na fasa tulu, tulu ya fashe. Kalmomin amsa-kama ma suna da yawa a bakinsu kamar yadda suke a namu, suna cewa doki-doki inda muke cewa gabana yana dar-dar, da pika-pika ga abin da ke walƙiya wal-wal. Na so a ce ɗalibanmu suna rubuta littafin kalmominsu da Hausa kai tsaye.

Inda Hausa ba za ta cece ka ba shi ne ginin jimla, kuma ina zaton nan ne minti gomanka ke tafiya. Aikatau yana zuwa ne a ƙarshe, sannan duk bayanin da ke siffanta suna yana gabansa, ko da ya kai layi uku. Mu muna cewa "mutumin da ya zo jiya", su kuma sai sun gama faɗin "jiya ya zo" kafin su ambaci mutumin. Idan jimla ta yi tsawo, ka leƙa ƙarshenta ka nemo aikatau tukuna, sannan ka dawo baya kana tambayar wa ya yi, me aka yi.

Abu Maryam, Tawa

Ina girmama abin da Injiniya da Malama suka faɗa, amma ban yarda a ture jarrabawa gefe ba. Mai koyo shi kaɗai, babu malami babu aji, yana buƙatar ranar da zai yi wa shiri, in ba haka ba shekara za ta wuce yana cewa gobe. Sai dai kada ka tsallaka zuwa N2. Da kanji 400, N3 ce daidai da kai. Ana cin N3 da maki 95 cikin 180, N2 da 90, N1 da 100, kuma ko jimillarka ta kai, idan ka gaza maki 19 cikin 60 a sashe ɗaya ka faɗi, don haka ba a sakaci da sauraro. Ana yin ta a Yuli da Disamba, wasu ƙasashen sau ɗaya kawai a shekara, kuma ka sa kuɗin tafiya cikin lissafinka. Ka sani kuma cewa ba ta auna magana ko rubutun hannu, zaɓen amsa ce daga farko har ƙarshe.

Abu na biyu, wanda ya fi damuna da ƴan Nijar, shi ne Turancin Ingilishi. A rukunin masu bincike ana rubuta jarrabawar Japananci da ta Ingilishi, shirin ABE na tallafin karatu ga matasan Afirka, da aka sanar a taron Japan da ƙasashen Afirka na TICAD na 2013 a Yokohama, shi ma da Ingilishi ake karatunsa, kuma mafi yawan maƙalolin kimiyya da shi ake buga su. Kada Japananci ya cinye maka lokacin duka.

Ɗalibin Harobanda, Yamai

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan nufi N3 a Disamba, kuma na fara littafin kalmomi da Hausa tun daren jiya. Yaya Injiniya, tambaya ɗaya ta rage: idan karatun da Ingilishi ne, a ina Japanancin ya yi muku amfani, kuma yaushe ya kamata in fara koyon keigo, harshen girmamawa?

Injiniya Mai Fadama, Yamai

Kundina da Ingilishi na rubuta shi, amma zaman mako-mako na ɗakin bincike, wanda suke kira zemi, da Japananci ake yin muhawararsa, haka ma hira da manoma a gona, da asibiti, da ofishin gunduma. Keigo kuwa ka fara shi yanzu, domin tun daga wasiƙar farko da za ka aika wa farfesan da kake so ya karɓe ka za ka buƙace shi. Ba baƙon abu ba ne ga wanda ya tashi yana ce wa babba "ku" yana kuma cire takalmi a zaure, sai dai su aikatau ɗin ne ke canjawa gaba ɗaya: cin abinci taberu ne, amma idan malaminka ne ke ci sai ka ce meshiagaru, idan kai ne a gabansa ka ce itadaku, faɗinsa ossharu ne, naka mōsu. Abin da ya fi ɗaukar mini lokaci shi ne rabewar na ciki da na waje, wato uchi da soto: idan kana magana da baƙo game da mutanen gidanka ko na wurin aikinka, ba ka ɗaukaka su, ko da sun girme ka, shi ya sa za ka kira mahaifiyarka okāsan a gida amma ka ce haha a gaban wani. Ka rubuta wasiƙar gwaji zuwa ga farfesa, layi goma, ka gabatar da kanka da binciken da kake son yi, ka ɗora ta a nan kafin Juma'a in duba maka.