Kyanwa ta haihu a ɗakin janareta ga hunturu ya kankama, in ɗauke su ko in bar su?

Maman Ilham: Assalamu alaikum jama'a. A Jos nake, wajen Rikkos. Wata kyanwa da ba ta kowa ba ta haihu a ɗakin janaretan gidan hayarmu, 'ya'ya huɗu, yau kwana 5 da na fara jin kukansu. Idonsu bai buɗe ba. A kan siminti suke bayan jarkokin mai, ƙofar kuma ta waya ce, iska na kaɗawa har ciki. Uwar ba ta yarda a matso, huci take yi. Mai gida ya hana a shigar da kyanwa cikin gida, ko da ya yarda ma ɗana yana da asma. In babu wuta ana tada janaretan da daddare. In matsar da su ne, ko in gyara musu inda suke? In matsarwa ce, yaya ake yi uwar ba ta watsar da su ba?

Abu Hanif: Wa alaikumus salam. Allah ya saka da alheri. Ki kwashe su ki kai ɗakinki ƙarƙashin gado, ki riƙa ba uwar madara. Kyanwa ba najasa ba ce, ya zo a hadisi cewa tana cikin masu kai-komo a tsakaninmu.

Maman Ilham: Malam, ai na faɗa, ɗaki ba zai yiwu ba.

Na Vom: Hajiya, a ƙa'ida ba a taɓa shimfiɗar kyanwar da ba ta saba da mutane ba, sai dai a tare mata iska a kai mata abinci. Amma janaretan nan ya canza hukuncin. Hayaƙinsa a ƙaramin ɗaki yana kashe babban mutum, balle abin da bai wuce giram 150 ba. Ga fetur da baƙin mai a ƙasa, uwar ta taka ta lashe. Ki matsar da su yau.

Ki samo kwali biyu, ɗaya ya shige cikin ɗaya. Tsakaninsu ki cusa busasshiyar ciyawa ko tsofaffin jaridu da aka dunƙule. Na cikin kada ya yi girma, daidai yadda uwar za ta miƙe ta shayar, kamar santimita 50 zuwa 60, domin ɗumin jikinta ne zai ɗumama wurin. In akwai tsohuwar kula babba ta fi kwali. Ki yanke ƙofa faɗin santimita 15, ki ɗaga ta kamar santimita 10 daga ƙasa don kada 'ya'yan su gangaro waje. Ki ɗora kan katako ko bulo biyu, siminti ne ke zuƙe musu ɗumi fiye da iskar. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, sai ki juya ƙofar ta kalli kudu ko ta kalli bango, ki danne saman da dutse.

Nisan kada ya wuce taku biyar zuwa goma daga inda suke, wuri mai duhu da ba a yawan bi, kamar ƙarƙashin bene ko bayan tankin ruwa. Da rana za ki yi, lokacin da uwar ta fito cin abinci tana hangen ki. Ki haɗa da tsumma ko takardar da suke kwance a kai saboda warinsu, muddin mai bai taɓa ta ba. Kina gamawa ki toshe ƙofar janaretan da katako ta yadda ba za ta iya mayar da su ba, ki bar wurin. Kukansu zai jawo ta.

Hajiya Kaka: Kai yaro, kada ka sa ta yi kisan kai. Kyanwa in ta ji warin hannun mutum a jikin 'ya'yanta cinye su take yi. Tun kakanninmu aka sani.

Na Vom: Hajiya Kaka, Allah ya ƙara girma, amma warin hannu ba ya sa ta ƙi su. Abin da yake faruwa shi ne in an dame ta da leƙe sai ta kwashe su ta canza wuri. Wanda ake gani ta cinye galibi ya riga ya mutu ko yana gargara, wani lokacin kuma aikin muzuru ne a ɗora mata.

Hajiya Kaka: Shekarunka nawa kana ganin kyanwa?

Ɗan Terminus: Jama'a jibi fa kwana bakwai. Wa zai kawo ragon suna? Mu gwauraye muna kwana kan tabarma a sanyin Jos ba wanda ya taɓa yi mana kwali biyu.

Anti Ladi: Ƙari kan maganar Na Vom. Turawa suna cewa kada a sa bargo a waje sai ciyawa, saboda can ƙanƙara da ruwa ke jiƙa shi. Hunturunmu busasshe ne, tsohon zanen atamfa ko rigar sanyi ta wadatar, a dai canza in ta jiƙe. Tawul ne ban so, faratansu na maƙalewa a zarensa. A Jos wasu dararen Disamba da Janairu sanyi na sauka ƙasa da digiri 10, su kuma sai sun kai mako 3 zuwa 4 suke iya riƙe ɗumin jikinsu da kansu. Haɗarin yana lokacin da uwar ta fita yawo da asuba. Ki zuba ruwan ɗumi a gorar roba, ki zura ta cikin safa, ki ajiye a gefe guda na kwalin don in zafi ya yi musu yawa su ja baya. Ki gwada a kuncinki tukuna. Bayan awa 2 zuwa 3 ta huce, kuma gorar da ta huce ɗumin jikinsu take sha, gara babu. Kada wani ya ba ki shawarar kaskon gawayi kusa da kwali.

Baban Sadiq: Ni dai magana ɗaya, kada ki sa hannu uwar na kusa. In ta cije ki ko ta yakushe ki har jini, ki wanke da sabulu ƙarƙashin ruwa mai gudu minti 15, ki tafi asibiti ranar a duba batun allurar ciwon haukan kare. Kyanwa ma tana ɗauka. Yara su yi nesa.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai. Abincin fa? Tuwo da miya nake ajiye mata, ba ta ci sosai.

Anti Ladi: Ba za ta ci ba, kyanwa nama take buƙata, kuma albasa da tafarnuwar miya suna lalata mata jini. Mai shayarwa tana cin ninki biyu zuwa uku na abin da ta saba. Ki dafa kayan cikin kaza ko kifi da ruwa zalla, ba gishiri ba magi ba yaji, ki cire ƙaya. Dafaffen ƙwai ɗaya a rana yana da kyau. Hanta kaɗan, ba kullum ba. Ƙashin kaza dafaffe yana tsagewa ya soke ta, ki zubar. Sau uku a rana, a lokaci guda kullum don ta saba da ke. Kwanon ya zauna taku uku daga kwalin, in ya yi kusa zai jawo cinnaku da muzurai. Ruwa kuma kada ya yanke, iskar nan tana busar da su.

Abu Hanif: Da madarar gari kamar yadda na ce.

Na Vom: Madarar shanu, ta gari ko ta gwangwani, zawo take sa yawancinsu. Ga jariri kuwa zawon kwana ɗaya ya isa. Muddin uwar na shayarwa kada ki ba 'ya'yan komai. In kin ga ɗaya ya ware gefe, jikinsa da cikin bakinsa sun yi sanyi, ba ya kuka, ɗumama shi za ki fara yi a hankali cikin rigarki, minti 30 zuwa awa guda. Wanda ya sandare ba a ba shi abinci, cikinsa ba ya narkarwa. Ya farfaɗo ki mayar wa uwar. Sai in ta ɓace gaba ɗaya za a koma madarar kyanwa ta musamman da sirinji ba allura, duk awa 2 zuwa 3 har dare, kamar mililita 4 ga kowane giram 100 na nauyinsa, yana kife kan cikinsa. In kika kwantar da shi rigingine kamar jariri madarar huhu za ta tafi. Bayan ya sha a shafa masa gindi da auduga mai ɗumi, ba sa iya fitsari da kashi da kansu sai wajen mako 3. Lafiyayye yana ƙara giram 10 zuwa 15 kullum.

Maman Twins: Madarar nan ta musamman N18,000 ce a Abuja. Wa ke da wannan kuɗin? Nonon akuya a tafasa ya huce a kaɗa gwaiduwar ƙwai, shi ke nan.

Baban Sadiq: Wane N18,000? A Kano ba ta kai 9,000 ba.

Maman Twins: Ƙaramar leda kake nufi, ko kuma tun bara ka tambaya.

Na Vom: Nonon akuya da gwaiduwa na tsayar da yunwa ne kwana ɗaya ko biyu kafin a samo ta gaske. Kuma dai uwar tana nan, ba a zo nan ba.

Gwaggon Yara: Duk kuna ta lissafin kwali da gora, ba wanda ya tambayi su wane ne maƙwabtanta. A layinmu akwai wata tsohuwa mai sayar da ƙosai, ta shekara tana ciyar da wata baƙar kyanwa. Hunturun da ya wuce ta haifi biyar a rumfar itacenta. Tsohuwar nan ta yi musu duk abin da kuke faɗa, har buhu ta rataya ya tare iska. Sai wani mai kiwon tattabaru ya ce an cinye masa 'yan shila, wasu kuma suka ce baƙar kyanwa mai kukan dare ba kyanwa ba ce. Aka barbaɗa guba a kan kifi aka jefo ta katanga. Da safe aka tsinci uwar a bakin kwata tana dalalar da miyau tana karkarwa. Aka ɗura mata manja, a banza. 'Ya'yan kwanansu 9, ido ya fara buɗewa. Tsohuwa ba ta gani sosai, da cokali take ɗura musu madara, ɗaya bayan ɗaya suka tafi cikin kwana uku. Wanda ya yi abin yana sahun gaba a masallaci. Ko haƙuri bai ba ta ba.

Abu Hanif: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mace ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abinci ba. To ina ga mai sa guba da gangan.

Na Vom: Miyau da karkarwa alamar maganin ƙwari ne irin su ota-piya-piya. Akwai allurar da likitan dabbobi ke yi in an kai da wuri. Maganin ɓera mai tsinka jini kuwa sai bayan kwana 2 zuwa 5 yake nunawa, dadashi ya yi fari, jini ta hanci ko kashi, maganinsa bitamin K1. Ɗura manja ko madara ba ya karya guba, shaƙewa yake jawowa. A tafi da ledar maganin in an samu. Tunda an zo nan: farasitamol ko rabin ƙwaya yana kashe kyanwa, haka maganin ƙuma na karnuka mai sinadarin permethrin.

Sarkin Tattabaru: A yi adalci dai. Ban goyi bayan guba ba, amma kun san nawa ake sayen tattabara mai kyau? Dare ɗaya a shiga akurki a gama da kiwon shekara. Masu ciyar da kyanwoyin titi su ke tara mana su a unguwa.

Gwaggon Yara: Ka sa waya a akurkinka mana. Muzuru ne da ma, mai kaza zagi marar kaza zagi.

Anti Ladi: Maganin taruwar shi ne a yi wa uwar aikin hana haihuwa bayan yaye. Cikinta kwana 63 zuwa 65 ne kawai, kuma tana iya ɗaukar wani tun tana shayarwa. 'Ya'yan su fara lasar abinci a mako 4, kada a raba su da ita kafin mako 8, allurar haukan kare a wata 3. A fara saba musu da hannu tun mako 2 zuwa 3, in ba haka ba su tashi da huci irin na uwarsu ba mai karɓa.

Maman Twins: Aikin N40,000 aka ce min.

Baban Sadiq: Asibitin gwamnati bai kai rabin haka ba.

Abu Hanif: Kafin kuɗi, ya halatta ma tukuna? Malamai sun yi saɓani.

Hajiya Kaka: Yanzu kyanwa ma tsarin iyali za a yi mata? Allah ya kyauta zamani.

Sarkin Tattabaru: Ai gara hakan da abin da ake yi, a ɗure su a buhu a kai bola ko bakin kasuwa. Daga can unguwar wa suke dawowa? Tamu. Kuma duk wannan ɓerayen da ake fakewa da su, kwatocin da ba a yashewa ne ke kiwonsu.

Gwaggon Yara: Yauwa, ka zo inda nake so. Kuɗin shara ana karɓa duk wata, motar kuwa sai a yi sati uku ba a gan ta ba.

Maman Ilham: Na haɗa kwalin bayan tanki, na kwashe su da la'asar. Ta shiga ta shayar, amma yanzu na leƙa uku na gani, kuma tana ta zagaya ƙofar janaretan tana kuka. In buɗe mata ne?

Baban Sadiq: Naku ma sati uku ne. Mu tun kafin Mauludi rabonmu da motar shara.