Ruwan ƙarƙashin dutsin farar ƙasa: abin da aka tsaya a kai

Ƴan uwa, maganar da muke yi kan yadda za mu samu ruwa mu kuma kiyaye rijiyoyinmu a Tawa ta yi tsawo, ga abin da na tattaro.

1. Kowa ya yarda cewa dutsin farar ƙasa, irin wanda ake yin siminti da shi a Malbaza, ruwan sama yana cinye shi sannu a hankali har ya buɗe ramuka da koguna a ciki. Ruwa na bin su da gudu, ba ya tacewa kamar yadda yake yi cikin yashi. Don haka a nisanta masai da garken dabbobi daga rijiya, a ɗaga bakinta a rufe.

2. A tsibirai masu dutsin farar ƙasa irin su Malta da Barbados, ruwan daɗi na ƙarƙashin ƙasa yana zaune ne bisa na gishiri. Duk mita 1 da ya haura matakin teku, akwai kamar mita 40 a ƙasa. In aka matsa da jan ruwa, gishiri ya taso, rijiya ta lalace. Shi ya sa Malta take tace ruwan teku.

3. Nan aka rabu. Wasu suka ce mu a Tawa ba mu da teku, burtsatse mai zurfi ya ishe mu. Wasu suka ce a fara da riƙe ruwan damina, kamar shingayen duwatsun da aikin raya karkara na Keita, cikin jihar Tawa, ya soma a 1984. Ni ina tare da na biyun, don na ga rijiyar gidanmu tana komawa laka tun watan Maris.

4. Ruwan da ya gurɓace bayan an yi ruwan sama, a tafasa shi kafin a ba yara.